Domen na Hannu: Abin da Mai Saye Ke Gada a Wajen Google da Masu Talla

Domen shi ne sunan da ake rubutawa a saman manhajar shiga intanet domin a isa wani shafi, kamar bbc.com ko presidence.ne. Ba a mallakarsa har abada, haya ake yi. Mutum zai biya kamfanin rajista kuɗin shekara ɗaya, ko na wasu shekaru da ba su wuce 10 ba, idan wa'adi ya cika ya sabunta. Wanda bai sabunta ba, sunan zai kuɓuce masa ya koma kasuwa, wani ya ɗauka. Irin wannan suna shi ake nufi da domen na hannu, kuma akwai babbar kasuwa da ta ginu a kansa. Hajar da dillalan kasuwar ke tallatawa ita ce shekaru: wai tsohon suna ya fi sabo saurin hawa sama a sakamakon binciken Google, ya kuma fi saurin samun karɓuwa a AdSense, tsarin tallan da ke biyan masu shafuka.

Wannan magana ta iso ƙasar Hausa ta bakin masu koyar da neman kuɗi a intanet, kuma ba ta tsaya a Kano da Maraɗi ba. Matashin da ke Dogon Kiriya, a gundumar Dogon Dutsi ta jihar Doso, wanda ke son kafa shafin labaran yankinsu, wato ƙasar Arewa ta Nijar, ko na farashin gero da wake da dabbobi, shi ma zai ci karo da ita a salularsa. A wajensa lamarin na kuɗi ne. Hayar sabon suna mai ƙarewa da .com ba ta yin nisa da jaka 10 na sefa a shekara, na hannu kuwa dillali na iya neman ninkin haka sau goma ko fiye. Ya kamata ya san abin da ƙarin kuɗin zai sayo masa.

Yadda suna ke sauya hannu

Paul Mockapetris ne ya tsara tsarin sunayen a 1983, domin mutane su huta da haddace lambobin kwamfutoci. Suna na farko da aka yi wa rajista a ƙarƙashin .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris 1985, kuma shi kansa yanzu na hannu ne, domin an sayar da shi a 2009. Tun 1998 hukumar ICANN ce ke shimfiɗa ƙa'idojin sunaye na gama-gari irin su .com da .org da .net. Kowace ƙasa kuma tana da nata: Najeriya ta samu .ng a 1995, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi a yanzu. Nijar ta samu .ne a 1996, daga baya aka ɗora kula da shi a kan kamfanin Sonitel, wanda a 2016 aka haɗe shi da SahelCom suka zama Niger Telecom. Sunayen ƙasashe suna bin dokokin da masu kula da su suka gindaya, don haka wa'adodin da ke tafe na sunayen gama-gari ne.

Idan wa'adin suna ya cika ba a biya ba, kamfanin rajista yana da damar riƙe shi har kwana 45, mai shi na iya dawowa ya sabunta. Daga nan sai kwana 30 na fansa, inda har yanzu ana iya karɓo shi amma da tara mai tsada. Sai kwana 5 na jiran gogewa, wanda babu abin da za a iya yi a cikinsu. Bayan haka kowa na iya yi masa rajista. Sunaye masu daraja ba su cika kaiwa wannan matakin ba. Kamfanonin rajista kan sa su a gwanjo tun suna hannunsu, kamar yadda GoDaddy ke yi, waɗanda suka faɗo kuma akwai kamfanoni irin su DropCatch da SnapNames da ke da na'urorin da ke cafke su cikin ƙiftawar ido.

Akwai wani bambanci a nan da mai saye ya kamata ya riƙe. Sunan da aka sayar hannu da hannu, ko aka yi gwanjonsa kafin a goge shi, yana riƙe ranar rajistarsa ta asali. Wanda aka goge aka sake yi wa rajista kuwa, ranarsa tana komawa sabuwa, ko da an shekara 20 ana amfani da shi a baya. Haka nan suna na iya shekara 15 a rajista ba tare da an taɓa ɗora masa ko shafi ɗaya na kirki ba. Ranar da ke cikin kundin rajista tana nuna tsawon lokacin da aka yi ana biyan haya ne kawai.

Sakacin sabuntawa bai bar manya ba. A watan Disamba 1999 Microsoft ya manta da passport.com, wanda Hotmail ya dogara da shi, sai wani masanin kwamfuta mai suna Michael Chaney ya biya dala 35 a madadin kamfanin. A watan Satumba 2015, wani kuskure ya sa Sanmay Ved ya sayi google.com a kan dala 12, ya riƙe shi kamar minti ɗaya kafin a soke cinikin.

Inda zancen shekaru ya samo asali

Google ya fara ne a 1998 da wata dabara da Larry Page da Sergey Brin suka ƙirƙira a jami'ar Stanford, mai suna PageRank. Dabarar tana ɗaukar kowane mahaɗi da wani shafi ya saka zuwa wani a matsayin shaida. Shafin da amintattun shafuka da yawa suka nuna, sai ya yi nauyi. Tara irin waɗannan mahaɗai yana cin lokaci, shi ya sa idan aka duba sahun farko na kowane bincike mai gasa, tsofaffin shafuka ne suka fi yawa. Wanda ya nemi labaran Hausa zai riski BBC Hausa da Aminiya da RFI Hausa a gaba. Mai kallo daga nesa sai ya ce shekaru ne suka kai su. Abin da ya kai su shi ne abin da suka yi a cikin shekarun: dubban rahotanni, da dubban shafukan da suka kafa hujja da su, da masu karatu da ke rubuta sunansu kai tsaye a akwatin bincike.

Abu na biyu da ya ƙarfafa zancen shi ne wata takardar neman haƙƙin ƙirƙira da injiniyoyin Google suka shigar a ƙarshen 2003, ta fito fili a watan Maris 2005. Ta yi bayanin hanyoyin da za a iya amfani da tarihin shafi wajen auna shi, har ta ambaci cewa masu shafukan gaskiya kan biya hayar shekaru da yawa a gaba, 'yan damfara kuwa ba su cika wuce shekara ɗaya ba. Dillalai sun riƙe wannan ɓangare sun yi ta yayatawa. Sun bar ɗaya ɓangaren, inda takardar ta ce idan batun da shafi ke magana a kai ya sauya gaba ɗaya, alama ce ta cewa ya sauya hannu, kuma tsofaffin shaidun da ya tara ba abin dogaro ba ne kuma. Ban da haka, takardar haƙƙin ƙirƙira tana faɗin abin da kamfani ya yi tunaninsa ne, ba ta tabbatar da cewa yana aiki da shi.

Jami'an kamfanin sun sha amsa tambayar. A 2010 Matt Cutts, wanda a lokacin yake shugabantar sashen yaƙi da shafukan banza, kuma sunansa na cikin waccan takarda, ya bayyana cewa bambancin sunan da ya yi wata shida da wanda ya shekara ɗaya bai taka kara ya karya ba. Ya kuma ce abin da suka fi dubawa shi ne lokacin da na'urarsu ta fara ganin shafin ko ta fara ganin mahaɗi zuwa gare shi, domin bayanan kundin rajista ba su da tabbas a ko'ina. A 2019 John Mueller ya faɗa a taƙaice cewa shekarun domen ba sa taimakawa da komai.

Masu shakka sun samu abin kamawa a watan Mayu 2024, lokacin da wasu takardun cikin gida na Google suka fita, wasu masana harkar binciken intanet, Rand Fishkin da Mike King, suka yi nazarinsu a bainar jama'a. A ciki akwai wani ma'auni mai suna hostAge, wanda bayaninsa ya nuna ana amfani da shi wajen killace sabbin shafukan banza. Google ya amsa cewa takardun nasa ne, amma ya yi gargaɗin kada a yanke hukunci da bayanan da ba su cika ba ko suka tsufa. Abin da za a iya ɗauka daga wannan bai wuce abin da masu sana'ar suka daɗe da lura da shi ba: sabon shafi yakan ɗauki watanni kafin ya samu gindin zama. Taka-tsantsan ne da baƙo, kuma yana wucewa. Babu inda takardun suka nuna cewa suna mai shekara 12 yana samun maki fiye da mai shekara 3 don tsufa kawai.

Gadon da ke bin suna

Abin da ke bin tsohon suna zuwa hannun sabon mai shi shi ne tarihinsa, mai kyau da maras kyau. Lamarin kamar na wanda ya karɓi rumfa ne a kasuwar Dogon Dutsi. Idan tsohon mai rumfar hatsi yake sayarwa, sabon ma ya kasa hatsi, tsofaffin abokan ciniki za su ci gaba da zuwa. Idan katin waya ya kasa, za su leƙo sau ɗaya su wuce. Idan kuwa tsohon ya yi suna wajen tauye tiya, sabon zai daɗe yana wanke laifin da ba shi ya yi ba.

Gado mai kyau shi ne mahaɗai. Idan wata jarida ko jami'a ko hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya ta taɓa nuna shafin, mahaɗin yana nan har sai an cire shi. Amma amfaninsa yana da sharuɗɗa. Mafi yawan mahaɗai ba shafin farko suke nunawa ba, wani rahoto ne ko wata takarda a can ciki. Idan sabon mai suna bai da abin da ya yi daidai da waccan takarda a adireshi guda, mahaɗin ya faɗa rami. Wasu kan juya duk tsofaffin adiresoshi zuwa shafin farko da umarnin turawa mai lamba 301, amma jami'an Google sun bayyana cewa turawa zuwa abin da bai da alaƙa da na asali ana ɗaukarta kamar shafin da ya ɓace. Don haka gadon yana aiki sosai ne a yanayi guda: a sayi shafi mai rai, da rubuce-rubucensa da masu karatunsa, a ci gaba da abin da yake yi. Wannan sayen kasuwanci ne sukutum, kuma halal ne a dokokin Google.

Dillalai kan nuna wasu lambobi, su ce wannan suna yana da DA 40 ko DR 55. Na farko ma'aunin kamfanin Moz ne, na biyu na kamfanin Ahrefs. Hasashe ne da waɗannan kamfanoni ke yi da nasu lissafin, Google ba ya amfani da ko ɗaya, kuma ana iya kumbura su da mahaɗan bogi kafin a kai suna kasuwa.

Gado maras kyau ya fi yawa, domin sunan da ya yi daraja da wuya a sake shi haka kawai. Da yawa daga cikin waɗanda ke yawo a gwanjo sun riga sun bi ta hannu biyu ko uku, an yi cacar intanet a kansu, ko tallan magungunan bogi, ko batsa, aka tatse su aka yar. Tun daga sauyin da aka kira Penguin a watan Afrilu 2012, Google ke farautar mahaɗan da aka saya ko aka ƙirƙira. Daga 2016 ya koma share darajarsu maimakon hukunta shafin duka, a ƙarshen 2022 kuma ya ƙara ƙarfin wannan da tsarinsa na SpamBrain. Ma'ana, mahaɗai dubu biyar da dillali ya nuna na iya zama ba su da nauyin ko ɗaya. Akwai kuma hukuncin da ma'aikacin Google ke yankewa da hannunsa, wanda ke iya nutsar da shafi ko cire shi daga bincike ɗungurum. Irin wannan hukunci yana manne da sunan ne, sauya mai shi ba ya ɗage shi nan take. Sai sabon mai shi ya tabbatar da mallakarsa a Search Console, dandalin Google na masu shafuka, ya gyara, ya rubuta takardar neman a sake dubawa, ya jira. Sunan da aka taɓa yaɗa cutar kwamfuta da shi yana iya kasancewa a jerin Safe Browsing, inda manhajar Chrome za ta tare mai shiga da jan gargaɗi. Wanda aka yi aika-aikar saƙonnin banza da shi kuma yana iya kasancewa a baƙin littafin Spamhaus, wasiƙun da aka aika da shi su riƙa faɗawa kwandon shara.

Ranar 5 ga Maris 2024 Google ya fito da doka ƙarara a kan wannan. Ya sanya sayen sunan da wa'adinsa ya ƙare, da nufin hawa kan tsohuwar darajarsa a ɗora abin da bai da amfani ga jama'a, cikin jerin laifuffuka. Misalan da ya bayar sun haɗa da shafin caca a kan tsohon sunan makarantar firamare, da sayar da kayan magani a kan sunan tsohuwar ƙungiyar agajin lafiya, da tallan kaya a kan sunan da wata hukumar gwamnati ta taɓa amfani da shi. Dokar ta bayyana cewa babu laifi a yi amfani da tsohon suna wajen gina sabon shafi na asali da aka yi domin mutane. A farkon 2024 mujallar Wired ta ba da labarin The Hairpin, wani shafin rubuce-rubucen mata a Amurka da ya daina aiki a 2018, wanda wani ɗan kasuwa daga Sabiya ya saye sunansa ya cika shi da rubutun na'ura. A tsakiyar shekarar kuma aka ga TUAW, shafin labaran Apple da aka rufe a 2015, ya dawo da rubutun na'ura ɗauke da sunayen tsofaffin marubutansa, ba da saninsu ba.

Ƙa'idojin AdSense

AdSense ya fara aiki a 2003. Mai shafi yana ba da fili, Google yana kawo talla, a raba kuɗin. Kason mai shafi ya daɗe a kan kashi 68 cikin 100, kuma ko bayan sauyin lissafi da aka yi a 2024 kamfanin ya ce abin da ke isa hannun mai shafi bai yi nisa da haka ba. Sharuɗɗan shiga su ne mai nema ya kai shekara 18, ya zama shi ke da iko da shafin, abin da ke ciki ya zama nasa ne na asali mai amfani, kuma bai saɓa wa dokokin abin da aka hana ba.

Zancen wata shida da ake yawan ji yana da tushe. A shekarun baya ƙa'idar AdSense ta ce a wasu wurare, ciki har da Sin da Indiya, sai mai nema ya mallaki shafinsa na wata shida. Ko a lokacin, tsawon mallakar mai nema ake nufi. Wanda ya sayi suna mai shekara 10 jiya, mallakar kwana ɗaya gare shi.

Tun ƙarshen 2018 kowane shafi da aka ƙara a asusu sai an duba shi daban, dubawar kan ɗauki kwanaki, wani lokaci mako biyu zuwa huɗu. Amincewar da tsohon mai suna ya samu ta asusunsa ce, ba ta bin sunan. Mai duba yana kallon abin da ke kan shafin a ranar da ya duba, kuma dalilin ƙin karɓa da aka fi gani shi ne ƙarancin abu mai daraja: rubutu kaɗan, ko kwafe daga wasu shafuka, ko shafi da ba a gama ginawa ba. Tsohon suna ba ya maganin ko ɗaya daga ciki. Abin da zai iya yi shi ne ya ƙara matsala, idan an taɓa dakatar da talla a kansa saboda saɓa doka.

Akwai masu sayar da suna haɗe da asusun AdSense da aka riga aka amince da shi. Wannan ciniki ne mai hatsari, kuma ya saɓa wa sharuɗɗan tsarin. Asusun yana ɗauke da sunan wani, da adireshinsa, da bayanan shaidarsa. Ranar da aka nemi a sake tabbatar da shaida, ko mai asalin asusun ya karɓe abinsa, kuɗin da aka tara sun tafi, babu kuma inda za a kai ƙara.

Ko an samu karɓuwa, da sauran tafiya. Idan kuɗin asusu suka kai dala 10, Google kan aiko da lambar sirri a takarda ta gidan waya domin tabbatar da adireshi, kuma akwai wata huɗu na shigar da ita kafin a dakatar da talla. Mazaunin ƙauyen da wasiƙa ba ta zuwa ƙofar gida yana buƙatar akwatin gidan waya da ya amince da shi tun kafin ya cika takardar nema. Ba a biya sai kuɗi sun kai dala 100, wato tsakanin jaka 55 da 65 gwargwadon canji. Kuma farashin talla yana bin inda masu karatu suke, domin masu talla gasa suke yi a kan masu saye. A Nijar, inda alƙaluman shekarun 2022 zuwa 2024 suka nuna masu amfani da intanet ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na jama'a ba, gasar kaɗan ce, kuma kai wa dala 100 na iya cin watanni masu yawa.

Matsalar harshe

Babban shingen da ke gaban mai rubutu da Hausa bai shafi shekarun suna ba ko kaɗan. AdSense yana da jerin harsunan da yake karɓa, kusan 50, kuma dokarsa ta hana saka talla a shafin da akasarin rubutunsa yake cikin harshen da ba ya jerin. Faransanci da Ingilishi da Larabci suna ciki, haka Hindi da Urdu da Bengali. Har zuwa 2024 Hausa ba ta ciki, duk da cewa Google Translate ya karɓe ta tun Disamba 2013. A watan Maris 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Rashi ne babba a ce harshen da miliyoyin mutane ke karatu da ciniki da shi yana wajen wannan kasuwa, kuma shi ne abin da ya cancanci ƙungiyoyin marubuta da kafofin watsa labarai na Nijar da Najeriya su matsa a kai.

Wasu kan kewaye dokar: su sayi tsohon suna, su zuba rubutun Ingilishi har a amince, sannan su juya zuwa Hausa. Dubawar AdSense ba ta ƙarewa a ranar karɓa, kuma duk ranar da aka lura, ana iya tsayar da tallan. Hanyar da ba ta da wannan hatsari ita ce shafi mai harshe biyu, a saka tallan Google a shafukan Faransanci kawai, a nemi tallan kai tsaye a shafukan Hausa daga masu sayar da iri da taki, da kamfanonin sufuri, da makarantu masu zaman kansu, waɗanda masu karatun yankin ne abokan cinikinsu.

Ta fuskar bincike kuwa, mai rubutu a kan Arewa yana da wata dama da ba ya buƙatar saye. Tsohon suna mai mahaɗai yana da amfani ne a inda gasa ta yi zafi. A kan Dogon Kiriya da Matankari da Dankasari da Kiyeshe da Sukukutan, ko Tibiri da Gesheme da Dumega da Kore Mairuwa, abin da ke intanet bai da yawa, kuma akasari rahotannin hukumomi ne da na ƙungiyoyin agaji cikin Faransanci. Sabon shafi mai bayani na gaskiya a kan kasuwanni da damina da tarihin waɗannan garuruwa ba shi da abokan takara masu yawa. Abin da zai fi ba shi aiki shi ne rarrabe sunaye. Wanda ya rubuta Arewa, arewacin Najeriya za a kawo masa; Tibiri na iya kai shi ta Gobir kusa da Maraɗi; sunan gari guda kuma ana rubuta shi Dogonkiria ko Dogon Kiria ko Dogon Kiriya. Ambaton jiha da gunduma da dukkan rubuce-rubucen sunan a cikin shafi yana warware wannan. Suna mai ƙarewa da .ne shi ma alama ce ga Google cewa shafin na mutanen Nijar ne.

Bincike kafin saye

Wanda duk da haka ya ga tsohon sunan da ya dace da aikinsa, yana da hanyoyin bincike na kyauta. Ta farko ita ce Wayback Machine, rumbun da Internet Archive ke ajiye hotunan shafuka tun 1996. A bi shekara bayan shekara, a lura da inda harshe ya sauya kwatsam, ko inda shafin makaranta ya koma na caca, ko inda aka yi shekaru babu komai. Ta biyu, a rubuta site: haɗe da sunan a akwatin Google, idan shafin yana da rai amma babu ko sakamako ɗaya, abin tuhuma ne. Ta uku, a duba sunan a shafin Safe Browsing da na Spamhaus. Kundin WHOIS, wanda RDAP ya maye gurbinsa ga sunayen gama-gari a watan Janairu 2025, yana nuna ranar rajista, amma tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a Mayu 2018 akasari ba ya nuna sunan mai shi. Idan hannu da hannu ake cinikin, a nemi mai sayarwa ya buɗe Search Console a ga sashen hukunci kafin kuɗi su fita. A kuma tabbatar sunan bai ƙunshi alamar kasuwancin wani ba. Alamomin da ke aiki a Nijar ana yi musu rajista a hukumar OAPI da ke Yawunde.

Kare sunan da ke hannu

Ɗaya gefen lamarin ya fi shafar Arewa kai tsaye. Ayyukan raya karkara, da ƙungiyoyin manoma da na mata, da gidajen rediyon al'umma, da ofisoshin magadan gari, sukan samu shafi a lokacin da wani tallafi ke gudana. Idan tallafin ya ƙare bayan shekara uku ko biyar, babu wanda aka ɗora wa biyan haya. Irin waɗannan sunaye su ne ainihin abin da masu gwanjo ke nema, domin manyan hukumomin da suka ba da kuɗin sun saka mahaɗai zuwa gare su. Rahotannin rijiyoyi da bankunan hatsi da aka tara sai su ɓace, sunan ƙungiya kuma ya wayi gari a kan shafin caca. Wanda ya karɓi sunan yana kuma iya karɓar duk wasiƙar da aka aika zuwa tsofaffin adiresoshin imel na ƙungiyar, har ya yi amfani da su ya sauya kalmar sirri ta asusunta na Facebook.

Dalilan faɗuwar ba su da yawa. Akan yi rajista da sunan ma'aikacin da ya gina shafin, shi kuma ya bar aiki. ICANN ta wajabta wa kamfanonin rajista aika tunatarwa kusan wata ɗaya kafin wa'adi, da kusan mako ɗaya, da kuma bayan cikarsa, amma saƙon yana zuwa ne akwatin da babu mai buɗewa. Sai kuma katin biya: sabuntawa na buƙatar katin da ke biya da dala ko yuro, kuma masu shafuka a Kano da Sakkwato sun ga wahalar wannan lokacin da bankunan Najeriya suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira daga 2022, wasu ba su dawo da shi ba sai a tsakiyar 2025. Maganin shi ne a yi rajista da sunan ƙungiya, da adireshin imel da ba ya kan shi wannan sunan kuma mutum biyu ke iya buɗewa, a biya hayar shekaru da yawa tun kuɗin aikin suna nan, a kuma rubuta a takardar miƙa aiki wanda zai gaji sunan.

Idan suna ya riga ya faɗa hannun wani, ƙwato shi yana da wuya. Tsarin sasanta rikici na UDRP, wanda ICANN ta kafa a 1999, yana buƙatar mai ƙara ya nuna yana da haƙƙin alamar kasuwanci a kan sunan, cewa wanda ke riƙe da shi ba shi da halattaccen dalili, kuma da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da ita. Sunan gari ko na yanki shi kaɗai da wuya ya cika sharaɗin farko. Kuɗin shigar da ƙara a cibiyar WIPO da ke Janiba, gaban alƙali ɗaya, dala 1,500 ne, sama da jaka 800 na sefa, ban da ladan lauya.